Ga ɗan'uwan da ya tambaya kan sabuwar Camry ta 2025

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce kana so ka sayar da tsohuwar Camry Muscle ɗinka ka shigo da Camry ta 2025 saboda iyali da zirga-zirgar Kano zuwa Abuja, amma surutun mutane ya raba maka hankali. Wannan ya ce haibirid ce, wato mai haɗa injin fetur da lantarki, kada ka kuskura, wancan ya ce mai kawai take shinshinawa. Wallahi da na karanta sai na ji kamar ni na rubuta, don na sha wannan zullumin, kuma na biya kuɗin makaranta a kan haibirid ɗin da ta gabace ta. Ka yi haƙuri in na yi tsawo.

Ta Amurka dai duk haibirid ce, daga ƙaramin samfuri LE har babban samfuri XSE, babu zaɓi. Sun jefar da V6 ɗin nan mai ƙarfin doki 301, abin da ya rage shi ne inji mai lita 2.5 da silinda huɗu haɗe da lantarki, doki 225 in tayoyin gaba ne ke ja, 232 in duka huɗun ne. Masu kukan V6 suna da gaskiyarsu, amma mai ɗaukar yara makaranta ba zai san an cire wani abu ba, tashinta daga tsaye ma ya fi na tsohuwar mai silinda huɗu kuzari saboda lantarki ne ke fara turawa. Ƙorafin da na yarda da shi cikin abin da masu saye ke faɗa shi ne kukan inji. In ka danne totur za ka wuce tirela, injin zai ɗaga murya ya tsaya a wuri ɗaya yana ruri, babu canjin giyar da kunnenka ya saba ji. Ba lalacewa ba ce, haka giyabos ɗinta yake. Kuma kada wani ya tsorata ka da cewa CVT ce mai bel irin wadda ta ƙona mutane a wasu motocin. Wannan haƙoran ƙarfe ne da injinan lantarki guda biyu, babu bel a ciki da zai zame.

Batun mai, a takardar gwajin Amurka LE mai jan gaba tana yin mil 51 a galan, wato kusan kilomita 21 da rabi a lita. XSE mai jan huɗu ta sauko zuwa mil 44, kusan kilomita 18 da rabi. Kada ka ɗora lissafinka a kan wannan. Da AC a kunne tun safe, da mutum biyar, da but cike da kaya, ka rage wani abu mai kauri. Ko da kilomita 17 ka samu, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 400 ba za ta ci fiye da lita 25 zuwa 27 ba, tankin kuma lita 49 ne. Ka kwatanta da abin da Muscle ke sha tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. A cikin gari ne ma ta fi nuna kanta, cunkoson da ke shanye man wasu ita a nan injinta ke kashe kansa.

Yanzu ga inda ciwon yake, kuma a nan zan daɗe. AC. Kwamfuresar wannan mota ba ta da alaƙa da fanbel, lantarki mai ƙarfi ne ke juya ta, kuma wayoyin injinta suna jiƙe ne cikin man kwamfuresar. Shi ya sa take da manta na musamman, ND-11, wanda ba ya bari wuta ta ratsa. Mai gyaran AC na bakin titi zai zo da tiyonsa da ya gama ɗura wa motoci goma, da ragowar man PAG na AC ɗin motocin fetur a ciki, ko ma ya ɗauko gwangwanin gas mai haɗe da mai ya juye maka. Sanyi zai zo, ka biya, ka yi godiya, ka tafi. Bayan kwanaki ko makonni sai wuta ta fara silalewa zuwa jikin mota, kwamfuta ta gane, ta rubuta maka a gaban sitiyari cewa ka duba tsarin haibirid, kana kashewa kuma tana iya ƙin nuna READY, alamar cewa ta tashi, gaba ɗaya. In aka sa na'ura, lambar da ta saba fitowa a waɗanda suka gabata ita ce P0AA6. Ni abin da ya fi ƙona min rai har yau ba kuɗin ba ne. Mutumin da ya yi min wannan aikin sai da na tambaye shi baki da baki ko ya san motar, ya dafa ƙirji ya ce ya yi irinta sun fi a ƙirga. Da abin ya faru sai ya ce ai batir ne ya mutu, ya haɗa ni da wani abokinsa mai sayar da batir. Ka ga zalunci biyu ke nan. Da na bi maganarsa da na sayi batir alhali nawa lafiyarsa ƙalau, kuma matsalar tana nan. Gurɓataccen mai ba ya fita da zuƙe gas kawai, ya riga ya zagaye kwandensa da bututu da abin sanyin da ke cikin dashbod, in ya yi muni sai an canza su. Mutum ya ce bai sani ba mana, mene ne abin kunya a ciki? Na bar shi da Allah. Kai dai kada kowa ya sa tiyo a motar nan sai ka ga gwangwanin man da idonka, ka karanta, kuma ka tabbatar tiyon na haibirid ne kaɗai. Ka duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet, an rubuta irin gas ɗin da take sha, sababbin na Amurka R-1234yf ne, ba R-134a da ya cika kasuwa ba.

Sai baƙin mai. Littafin ta Amurka 0W-8 ya ce, in babu a sa 0W-16 a koma 0W-8 a juye na gaba. Siriri ne kamar ruwa, bakanike yana ganinsa zai ce wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan sai 20W-50. Kada ka yarda. Injin nan yana mutuwa yana tashi sau da yawa a tafiya ɗaya, duk tashi kuma yana buƙatar mai ya isa sama nan take ta ƙananan hanyoyi. Mai kauri yana makara, yana wahalar da famfo da na'urar da ke daidaita buɗewar bawul, ga shan fetur ya ƙaru. Lita huɗu da ɗan wani abu yake ɗauka har da filta. Can suna kai mil 10,000 kafin su juye, amma littafin da kansa ya ce mai bin hanyar ƙura ya yi a mil 5,000, wato kilomita 8,000, mu kuwa ai a cikin ƙurar muke kwana. In za ka shigo da motar, ka sa a haɗo maka galan uku ko huɗu da filtoci a cikin but, don jabun mai a kasuwa shi ma wani bala'in ne.

Babban batirin, wanda kowa ke tsoro, yana ƙarƙashin kujerar baya kuma iskar cikin mota ce ke sanyaya shi. Akwai ɗan tagar shan iska a gefen kujerar, ƙasa-ƙasa, da 'yar raga a bayanta. Hunturu ɗaya ya isa ya toshe ta. Duk wata biyu ko uku ka ɓalle murfin, ka zaro ragar, ka hure ta ko ka zuƙe ƙurar da na'ura, ka mayar. Minti biyar ne. Ka hana yara jingina jakar makaranta ko leda a wurin, kuma ka tsaya a kan yaran wanki, don akwai masu sa tiyon ruwa har cikin mota. Zafi ne ke tsufar da batir, saboda haka a watan Afrilu kashe AC don tattalin mai asara ce. Can Amurka garantin batirin shekara 10 ne ko mil 150,000, amma kada ka sa rai zai biyo ka nan.

Akwai ƙaramin batir kuma na 12, shi ne ke tayar da kwamfutoci. Motar ba ta da kik, ba ta da altaneta. In ta kwana makonni a jirgi da tashar ruwa wannan ƙaramin ne ke sanyi, ta ƙi tashi, sai ka ji ana cewa haibirid ya mutu. A caja shi ko a canza shi, shi ke nan. Kada ka ba wani wuta da ita. Kada ka bari fetur ya ƙare ƙaf kana lallaɓawa da lantarki, in babban batirin ya zube ƙasa ba kowa ke da abin tayar da shi ba. A cunkoso ka bar ta a D ko P, don a N ba ta caji. Duk waya mai ruwan lemo da ka gani, kada mai waya na unguwa ya kai hannu, rai ake magana.

Na kauce, amma bari in faɗi wannan don yana ci min tuwo a ƙwarya. Motar da ba ta fi shekara ɗaya ko biyu ba, ka gan ta da araha a wurin dillali, ka tambayi kanka me ya fito da ita daga Amurka da wuri haka. Da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora suke zuwa, ko haɗari ko ambaliya. Haɗarin ƙofa ko bamba ana gyarawa. Haibirid ɗin da ta sha ruwa kuwa ko kyauta ce ka gudu. Ka karɓi lambar VIN, wato lambar shasi mai harafi da lamba 17, in ta Kentucky ce da 4T1 take farawa, ka biya a ciro maka tarihinta da hotunan gwanjon. Ka ɗaga kafet, ka zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba tabon laka, ka leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujeru ko sun yi tsatsa, ka shinshina. Ka sa a ɗaga ta a duba salansa a ga ko indomin, wato matatar hayaƙi, yana nan ba a fafe shi ba. In an taɓa canza gilashin gaba ko bamba, kyamara da radar da ke taka birki da kansu suna buƙatar saiti da kwamfuta, in ba haka ba fitilu za su yi ta damunka.

Kan wadda za ka zaɓa, mutane suna rububin XSE saboda wili 19 da babban allo mai inci 12.3. Tayarta 235/40 ce, naman roban kaɗan ne, rami ɗaya tsakanin Zariya da Kaduna ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa wilin. LE tana da 205/65 a wili 16, ta fi laushi, ta fi arahar taya, ta fi tattalin mai, allon ne dai inci 8. Ni LE zan ce maka, ko XLE in kana son kujerar fata. Dukkansu gajeru ne, tsakaninsu da ƙasa bai kai santimita 14 ba, da cikakken lodi za ta riƙa shafar tudun rage gudu sai ka hau shi a karkace. Mai rufin gilashi kuma ta rage wa dogon mutum wurin kai, balle da hula.

Wasu sun ce ai tsohuwar ce aka canza wa fuska. Akwai ƙamshin gaskiya, ginshiƙin da tazarar tayoyi duk na 2018 ne. Ni wannan daɗi ya yi min, don abin da aka daɗe ana amfani da shi an san halinsa. Sun kuma bar maɓallan AC na hannu ba su cusa komai cikin allo ba. In faɗin baya ne damuwarka, Accord ta 2023 zuwa sama ta fi ta, wurin ƙafa inci 40.8 ita kuma 38, but ɗinta ma ya fi girma. Sai dai mai fetur zallarta inji 1.5 ne mai turbo, shi ma yana da nasa sharuɗɗan na mai.

In ka duba garinku ka rasa bakanike ko ɗaya mai na'urar da ke karanta haibirid ɗin Toyota, wanda zai iya nuna maka lafiyar batir a allo, to ka dakata. A ƙasashen Larabawa ana sayar da wannan sabuwar da inji 2.5 na fetur zalla da giya takwas, ka nemi ta Dubai, za ka rasa tattalin man amma ka samu barci. In kuwa akwai shi, ka je ka zauna da shi tun kafin ka tura kuɗi, ka tambaye shi wane mai yake sa wa kwamfuresa, amsarsa za ta gaya maka komai. Na manta, in ta tsaya maka a hanya kada a ja ta da igiya tayoyin gaba suna juyawa, a ɗora ta kan janwe gaba ɗaya, mai jan huɗu kuwa ko taya ɗaya kada ta taɓa ƙasa. In ka samu wadda ta kwanta maka, ka turo hoton takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba da na ƙarƙashin bonet mu duba tare. Allah ya sa a saya a sa'a.