Tambaya da Amsa: Awon Gona da Waya, da Saka Unguwa a Taswira

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne a yankin Gumel. Na zagaye gonar wani manomi da wayata, na ɗauki lambobin kusurwoyinta, na zuba su a QGIS, manhajar zana taswira ta kwamfuta. Sai gonar ta bayyana can wajen Yola. Da na gyara wannan kuma, girmanta ya fito 0.0000017, alhali ko da ido ta kai hekta biyu. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Manhajar lafiyarta ƙalau, kurakurai biyu ne suka haɗu maka, kuma kusan duk mai koyo sai ya taka su.

Na farko, ka juya lambobin ne. Waya tana fara ba da latitud (lambar arewa ko kudu) sannan longitud (lambar gabas ko yamma), shi kuwa QGIS idan ka shigar da fayil ɗin CSV, wato fayil mai jerin lambobin, yana neman longitud a gurbin X, latitud a gurbin Y. Gumel tana wajen digiri 12.6 arewa, 9.4 gabas. Idan aka juya su sai a sauka a 9.4 arewa, 12.6 gabas, wato kusa da Yola. Abin da ke sa kuskuren nan ya daɗe ba a gano shi ba a Najeriya, wurin bai fita ƙasar ba, sai a ɗauka daidai ne.

Na biyu, an auna maka gonar da digiri ne, ba da mita ba. Waya tana aiki da tsarin nuna wuri na WGS 84, mai lamba EPSG:4326 a QGIS, ma'auninsa kuwa digiri ne. Sai ka mayar da bayanan zuwa tsarin UTM, wanda ke awo da mita, ya kuma raba duniya shiyya-shiyya. Najeriya ta ratsa shiyyoyi uku: Sakkwato tana ta 31, lambarta EPSG:32631, Kano, Katsina da Gumel suna ta 32, EPSG:32632, Maiduguri tana ta 33, EPSG:32633. A nan ne mutane ke yin tuntuɓe. Umarnin Reproject Layer shi ne ke sake lissafa lambobin da gaske. Idan ka je ka sauya sunan tsarin kawai a saitin fayil ɗin, ka liƙa wa buhun gero takardar dawa ne, gonar za ta tsere ta koma kusa da layin ikwaita. Bayan ka mayar, buɗe Field Calculator, ka rubuta $area, ka raba da 10,000, ka sami hekta. Hekta ɗaya eka 2.47 ce.

Idan kuma za ka ɗora aikinka a kan tsohuwar taswirar safiyo, ka duba ko da tsarin Minna, wato tsarin awon taswira na Najeriya, aka yi ta. Tsakaninsa da WGS 84 akwai gocewar wajen mita tamanin, wadda ta isa ta jefa iyakar gona cikin ta maƙwabci.

Wayar hannu tana kuskuren mita uku zuwa biyar a sarari, ya fi haka a ƙarƙashin kuka ko jikin katanga. Ka tsaya kamar rabin minti a kowace kusurwa kafin ka ɗauka. Ga gona mai hekta biyu, awon ya isa a lissafa iri da taki. Ga fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuwa, ko rigimar iyaka, ko neman takardar mallaka, a kira safiyo mai lasisi.

Tambaya: Unguwarmu sabuwa ce, ta awon igiya, a bayan Zariya. Layukanmu ba sa fitowa a taswirar waya. Mutum zai iya saka su da kansa, kuma nawa ake biya?

Amsa: Ba a biyan ko sisi, Hajiya. OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, taswira ce da kowa ke iya gyarawa. Ki buɗe asusu a shafinta na intanet, ki nemo unguwar a kwamfuta, ki danna Edit. Hoton tauraron ɗan'adam zai fito, sai ki bi tsakiyar kowane layi ki zana, ki zaɓi nau'insa, ki rubuta sunan da mutanen unguwa ke kiran sa da shi.

Ki tabbata ƙarshen kowane layi ya manne da titin da ya fito daga gare shi. Idan akwai 'yar tazara, ko da ido bai gani, manhajar nuna hanya za ta ɗauka ba ya ɓullewa. Hoton ma kan goce da 'yan mitoci, kuma ginin ƙasa kan saje da launin fili, don haka ki bi layukan da ƙafa, wayarki na ɗaukar sawu, ki gwada da hoton. Kada ki kwafo daga Google Maps. Ƙa'idar OpenStreetMap ta hana, kuma ana share irin wannan aikin idan aka gano.

Gyaran zai bayyana a shafin cikin mintuna. A OsmAnd da Organic Maps, manhajojin waya masu amfani da taswirar OpenStreetMap ba tare da data ba, sai sun sabunta taswirar da ake saukewa, wanda kan ɗauki makonni. A Google kuwa ba zai fito ba, domin rumbunsu daban ne. Can sai ki aika musu gyara ta cikin manhajarsu, ki jira su amince.