Shahadar Lean Six Sigma ta intanet: wacce zan saya, wacce zan guda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Makka ne, ina aiki da wani kamfani da ke kula da gyare-gyaren masaukan alhazai a Misfala da Aziziyya. Shekara biyu ke nan da na ci jarrabawar PMP, shahadar ƙwarewa a gudanar da ayyuka irin na kwangila. Mudirinmu ya ce in nemi ilimin kyautata tsarin aiki, domin ƙorafin jinkirin gyara ya yi yawa. Da na shiga intanet sai kaina ya ɗaure. Wani yana tallan Black Belt, wato baƙar ɗamara, babban mataki a wannan ilimi da ake kira Lean Six Sigma, a kwana uku kan riyal 400, wani yana neman dubbai a kan Green Belt kaɗai, matakin da ke ƙasa da shi, kuma kowa cewa yake duniya ta amince da shahadarsa. Wanne zan ɗauka? Kuma zai shiga lissafin sabunta PMP ɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne ka shigo wannan kasuwa da idon mai PMP. Ita PMP uba ɗaya gare ta, cibiyar PMI da aka kafa a Amurka a 1969. Ita ke tsara jarrabawa, ita ke ba da shahada, kuma duk mai shakka sai ya duba rajistarta ya ga sunanka. Six Sigma ba haka take ba. A kamfanin Motorola aka haife ta a 1986, a hannun wani injiniya mai suna Bill Smith, sai Jack Welch ya ɗauke ta ya baza a General Electric daga 1995, daga nan kowa ya kama. Har yau babu hukuma guda da ke riƙe da ita. Ni da kai za mu iya buɗe shafi yau da dare, mu zana tambari mai ruwan zinare, gobe mu fara raba wa mutane ɗamara, babu dokar da muka karya. Saboda haka duk tallan da ka ga an rubuta masa "mu'utamad dauliyyan", wato duniya ta amince da ita, tambayarka ta farko ita ce: wa ya amince da ita, kuma a wane shafi zan shiga in tabbatar?

Abu uku masu talla suke cuɗawa wuri guda su sayar maka. Akwai karatun, akwai jarrabawar, akwai aikin gyara na zahiri da mutum zai yi a wurin aikinsa. Takardar da ake ba ka don ka kalli bidiyo har ƙarshe, shaidar halarta ce kawai, ko da an yi mata ado da hoton ɗamara.

Ta fuskar jarrabawa, sunaye biyu ne masu ɗaukar ma'aikata suka fi sani. Na farko ASQ, ƙungiyar masana ingancin aiki ta Amurka, wadda take nan tun 1946. Ba ta barin ka zauna jarrabawar Green Belt, wato koriyar ɗamara, sai kana da shekara 3 kana aiki a fannin da ya shafi abin. Jarrabawar da littafi a buɗe ake yin ta, amma kada wannan ya ruɗe ka, wanda bai san inda abu yake ba lokaci zai cinye shi yana buɗe shafuka. A baƙar ɗamara kuwa sai ka kawo shaidar da aka sa wa hannu cewa ka kammala aikin gyara biyu, ko ɗaya haɗe da ƙwarewar shekara 3. Na biyu IASSC, wadda yanzu take ƙarƙashin PeopleCert, kamfanin da ke riƙe da PRINCE2, wata shahada irin PMP. Ita ba ta tambayar shekarun aikinka, ba ta neman aikin gyara, jarrabawa ce zalla da littafi a rufe da mai sa ido: tambaya 100 cikin awa 3 a koriyar ɗamara, 150 cikin awa 4 a baƙa. Akwai kuma CSSC, wata cibiyar ba da shahadar Six Sigma, da ke ba da littattafanta kyauta, jarrabawarta ta yau da kullum kuma a gida ake yi da littafi a buɗe. Littattafan suna da amfani, ka sauke ka karanta. Shahadar dai ba ta kai waɗancan biyun nauyi ba a idon wanda ya san kasuwar.

Ni a wurinka koriyar ɗamara ta ASQ zan nufa, tunda shekarun aiki ba matsalarka ba ne. Amma kafin ka ciro kati, mu tsaya a kan abin da mudirinku yake nema, don ba takarda ya aike ka nemowa ba.

Mai kula da aikin kwangila an horar da shi a kan abu mai farko da ƙarshe: a sake shimfiɗa bututun ruwa na hawa goma, a gama kafin Ramadan, a miƙa, a rufe fayil. Ƙorafin da ke damunku kuwa ba shi da ranar rufewa. Alhaji ya kira ya ce mukayyif ɗin ɗakinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya daina sanyi, a rubuta, a tura ma'aikaci, a nemi kayan gyara a sito, a gyara, gobe wani ya sake kira. Abu ne mai maimaituwa sau ɗaruruwa, kuma jadawalin da ka iya zanawa ba ya maganinsa. Nan ne masu PMP da yawa suke tuntuɓe, su ɗauki kowane jinkiri a matsayin laifin wani mutum, a yi taro, a yi faɗa, mako mai zuwa a koma gidan jiya.

Na taɓa aiki da wani kamfanin gine-gine a Jidda inda kowa ya yi imani ɓangaren sayayya ne ke kashe mana aiki. An zage su har sun saba. Abin da muka yi bai ci ko riyal ɗaya ba. Mun liƙa wata 'yar takarda a bayan kowace buƙatar sayen kaya, duk teburin da ta isa sai a rubuta ranar da ta zo da ranar da ta bar shi. Bayan wata guda muka baje takardun a ƙasan ofis muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Ashe 'yan sayayyar nan a yini ɗaya suke gama nasu. Takardar kwana take yi a tiren wani babba da ba ya sa hannu sai ranar Alhamis, kuma duk wadda ta iso masa da yammacin Alhamis sai ta kwana Juma'a da Asabar, ta jira wata Alhamis ɗin. Mutumin kirki ne, bai taɓa sanin shi ne ƙullin ba. Da aka ba mataimakinsa ikon sa hannu a kan ƙananan kaya, rabin rigimar ta mutu. Wannan shi ne Lean a taƙaice: ka bi aiki da ƙafarka, ka ga inda yake tafiya da inda yake zaune yana jira. Asalinsa daga masana'antar Toyota ne a Japan, inda Taiichi Ohno ya lissafa ɓarna iri 7, kuma jira na cikinsu.

Six Sigma kuma wata tambaya take yi: me ya sa abu ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya? A ce matsakaicin lokacin gyaran mukayyif a wurinku minti 40 ne. A rahoto abin sai son barka. Amma in ka buɗe lissafin sai ka tarar wani an gyara masa cikin minti 10, wata tsohuwa kuma ta yi awa 3 tana fifita da faifan kwali a zafin Makka. Ita ba ruwanta da matsakaicinku, kuma ita ce za ta kai ƙara wurin shugaban tawagarsu. Rage wannan tazarar shi ne aikin Six Sigma, ta matakai biyar da suke kira DMAIC: ka fayyace matsalar, ka auna ta, ka tono musabbabinta, ka gyara, sannan ka kafa abin da zai hana ta dawowa. Lambar nan da za ka riƙa gani, kuskure 3.4 cikin miliyan, ita ce ma'aunin da sunan ya samo asali daga gare shi. Ka san ta don jarrabawa, amma babu wanda zai nemi ka kai can a gyaran famfo. Ga irin matsalarku, rabin Lean na karatun zai fi saurin biyan ka kuɗin sabulu.

Yanzu ka gane dalilin da ya sa ba zan ba ka shawarar ta kwana ukun nan ba. Manhajar baƙar ɗamara cike take da lissafin ƙididdiga mai nauyi, da tsara gwaje-gwaje, abin da mutane ke shafe watanni a kai suna haɗawa da aiki. An taɓa kawo mini wani saurayi a tantance shi, takardarsa ta baƙar ɗamara har da firam. Na miƙa masa lokutan gyara na wata guda a Excel, na ce ya gaya mini abin da ya gani. Ya tara ya raba, ya ba ni matsakaici, ya yi shiru. Da bai rubuta ɗamarar a takardun neman aikinsa ba, da ban yi masa tambayar ba, kuma da wataƙila ya samu aikin, don yaro ne mai hankali.

Wajen zaɓen inda za ka yi karatun, ka rubuta musu kafin ka biya. Ka nemi su turo maka manhajar, ka ɗora ta gefen jerin darussan da ASQ ko IASSC suka wallafa kyauta a shafukansu, ka ga me suka tsallake. Ka tambayi sunan malamin da ayyukan gyara da ya taɓa jagoranta, domin wannan ilimi kamar ɗinki ne, wanda bai taɓa riƙe almakashi ba ba ya koyar da yanka. Ka tambaya ko za a ba ka alƙaluma ka sarrafa da hannunka a Excel ko Minitab, shirin kwamfuta na lissafin ƙididdiga. Mafi muhimmanci, ko akwai mutum mai rai da zai duba aikin da ka yi a kamfaninku ya ce maka nan ka yi daidai, nan ka kauce. Bambancin farashin da ka gani yawanci nan yake. Bidiyo sau ɗaya ake ɗauka a sayar wa mutum dubu, lokacin malami kuwa ba ya rabuwa haka. Sannan ka tambaye su ƙarara: kuɗin nan ya haɗa da jarrabawar wata hukuma ta waje, ko takardarku ce za ku buga mini? In suka fara kewaye-kewaye, ka samu amsarka.

Idan cibiyar a nan Saudiyya take, ka duba ko tana da lasisin TVTC, hukumar da ke kula da cibiyoyin horo masu zaman kansu. Sai dai ka fahimci iyakar lasisin: izini ne na buɗe cibiya, ba shi ke mayar da takardarsu ta zama ta ASQ ba. In kana son ɗanɗano kafin ka zuba kuɗi, akwai darussan Six Sigma na Jami'ar Kennesaw a Coursera, da na Jami'ar Fasaha ta Munik a edX. Sun isa su nuna maka ko kanka zai ɗauki lissafin. Kuma ko da Larabci ka yi karatu don ya fi zauna maka, ka riƙe kalmomin fannin da Turanci, ka tabbatar da harshen jarrabawar tun da wuri.

Batun sabunta PMP, e, zai shiga. Ana neman PDU 60, wato makin ƙara ilimi da PMI ke ƙirgawa, a kowace shekara 3, aƙalla 35 daga ciki na neman ilimi, awa ɗaya ta karatu PDU ɗaya. Kai da kanka za ka shigar a shafin PMI, ba dole sai cibiyar tana da alaƙa da su ba. Ka dai adana takardar halarta da manhajar, don sukan zaɓi wasu su nemi hujja.

Kuɗi kuma, duk farashin da ka gani da dala ka ninka shi sau 3.75, ka tuna da harajin kashi 15 cikin ɗari in a cikin ƙasa za ka biya. Ba ka faɗa mini ko kai ɗan ƙasa ne ko mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama, ba. In ɗan ƙasa ne, asusun Hadaf yana da shirin mayar wa mutum kuɗin wasu shahadun ƙwarewa bayan ya ci, sai ka duba jerinsu kafin ka zaɓa, ba bayan ka biya ba. In da iƙama kake, wanda ya aike ka shi ya kamata ya biya. Kada ka je masa da takardar talla. Ka je masa da shafi ɗaya: ga yawan ƙorafin wata uku, ga abin da nake son aunawa, ga kuɗin karatun. A wannan zaman ne kuma za ka karɓi izininsa a rubuce na amfani da bayanan kamfani, ka cire sunayen baƙi da na masaukai kafin ka nuna wa kowane malami na waje.

Ka san garinku fiye da ni, daga Sha'aban zuwa tafiyar alhazai babu mai barinka ka buɗe littafi. To amma lokacin ne ƙorafi ke zuba, don haka lokacin awo ke nan. Ka sa a riƙa rubuta sa'ar da aka kira, da sa'ar da ma'aikaci ya isa ƙofa, da sa'ar da aka gama. Karatun ka ɗora shi a Muharram da Safar, lokacin kana da alƙaluman kanka a hannu, duk darasin da aka yi sai ka gwada shi a kansu. Jarrabawar ASQ ana yin ta a cibiyoyin Prometric ko a gida da kyamara a kunne. In gidanku irin namu ne mai yara da baƙi, ka tafi cibiya, don mai sa ido zai iya soke jarrabawa saboda wani ya turo ƙofa. Kuma wajen rajista ka rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake da boko a katin da za ka nuna. Na ga wanda aka tsayar a bakin ƙofa saboda ya yi rajista da Muhammad Hausawi, katinsa kuma yana cewa Mohammed Hawsawi.