Ƙarshen Zamani: Shin Mu Daina Noma?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Tun da ambaliyar ruwa ta ci garin Yagwa da ke arewacin Kamaru a 2024, ga kuma tashin hankali a yankin Tafkin Chadi, wani mai wa'azi yake cewa dawowar Almasihu ta iso, har yayana ya ƙi share gonar audugarsa bana. Mene ne koyarwar Littafi Mai Tsarki? Daga wata 'yar'uwa a Marwa.

Amsa: 'Yar'uwa, dawowar Ubangiji gaskiya ce, muna kuma jiranta da dukan zuciya. Amma a Matiyu 24:36, Yesu da bakinsa ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar, ko mala'ikun sama, sai Uba kaɗai. A sura ɗin nan kuma ya kira yaƙe-yaƙe da yunwa mafarin azaba kawai. Masu yanke rana sun sha kunya tun da daɗewa: a 1844 mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, a Amurka sun jira ranar 22 ga Oktoba, wasu sun bar amfanin gonarsu ba girbi, gari ya waye kamar kullum.

Abin da ya fi damuna shi ne gidan yayanki, domin yaran da za su kwana da yunwa ba su ne suka yi wa'azin ba. Bulus ya gamu da masu zaman banza a Tasalonika, ya kuma umarce su a 2 Tasalonikawa 3:10 cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Ki nemi faston ikkilisiyarku da dattijo ɗaya su zauna da shi cikin girmamawa, su karanta masa ayoyin nan, tun ruwan shuka bai sauka ba.