Amsa kan zanen Tutu

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanwata, na ga hoton da kika turo jiya da dare, kina tambayar me ya sa ake ta zuzuta zanen matar da ko kallonmu ba ta yi, har ana cewa wai alama ce ta wani abu. Yi haƙuri, ina kan hanya ne lokacin.

To, sunan zanen Tutu. Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, ne ya yi shi a 1974, yana koyarwa a jami'ar Ife. Ita kuma Adetutu Ademiluyi ce, jikar wani tsohon Ooni na Ife, jinin sarauta. Ki lura da shekarar fa. A Janairun 1970 yaƙin basasa ya ƙare, miki bai warke ba. Shi Ibo ne ɗan Onica, ita Bayarabiya. Shi ya sa mutane suka ɗauke shi alamar sulhu, aka yi ta buga kwafinsa ana ratayewa a gidaje. Wannan ma'anar daga tarihi ta fito, daga wa ya zana wa, kuma a wane lokaci.

Amma don Allah ki buɗe hoton ki zuƙo shi. Dubi tsawon wuyan nan, dubi ɗaurin kanta, da yadda ta waiwayo ta kan kafaɗa idonta ya wuce ki ya tafi can wani wuri. Na ji wani a nan ya ce kunya ce. Ni wallahi ban ga kunya ba. Mai jin kunya sunkuyar da kai take yi. Wannan kanta a ɗage yake, irin na wadda ta saba a zo gaishe ta.

Abin da ke damuna ke nan da yadda ake fassara mata a zane. Da an ga mace sai a ɗora mata kaya: ita ce ƙasa, ita ce uwa, ita ce zaman lafiya. Haka wani mai zane, Delacroix, ya yi a Faransa a 1830, mace riƙe da tuta wai ita ce 'yanci. Waccan dai ƙirƙirarriya ce. Tutu kuwa mutum ce mai suna da dangi, ta zauna a gaban mai zane da ranta da tunaninta.

Zanen ya ɓace shekaru da dama, sai a 2017 aka tsince shi a wani gida a Landan. A Fabrairun 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams suka yi gwanjonsa kan fam miliyan 1.2, kowa ya koma maganar kuɗi.

Ki sake kallon idon nan a natse, ki turo min abin da ke kika gani.