Kafin Ka Biya Kuɗin Motar Lantarki, Fara Jin Ta Bakin Masu Inshora

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sayar da shadda da atamfa. Kuɗin mai ya ishe ni, shi ne nake shirin ɗauko motar lantarki 'yar Sin, an yi mini kuɗinta naira miliyan 40. Na tuntuɓi wani kamfanin inshora, suka ce in kawo miliyan biyu da 'yan kai a shekara. Wani kamfanin kuma ya ce sai sun yi shawara tukuna. Ni kuwa dubu 15 na saba biya. Motar da ba ta da inji, ba ta shan mai, me zai sa inshorarta ta yi wannan tsada? Ko dai sun ga Alhaji ne suke so su yanka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Ba yankanka suka yi ba, abu biyu ne ka haɗa wuri guda.

Dubu 15 ɗin da ka saba biya kuɗin inshorar dole ce, wadda 'yan sanda ke tambaya a hanya, musamman tun da suka tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ce ta yanke wannan farashi, ya fara aiki a Janairun 2023, bayan an daɗe ana biyan dubu biyar. Aikinta shi ne ta biya wanda ka yi wa ɓarna: dukiyar wani har zuwa naira miliyan uku, sai kuma rauni ko asarar rai. Taka motar ko fitila ba za a saya mata ba. Wannan inshora ba ruwanta da abin da ke tura motar, fetur ne ko batir, don haka motar lantarkinka ma dubu 15 ce muddin ta hawa ce. Idan ta ɗaukar kayanka ce, dubu 20.

Miliyan biyun da aka gaya maka kuwa na cikakkiyar inshora ce, wadda ke ɗaukar haɗari da gobara da sata na ita motar kanta. A cikin waccan sanarwar ta NAICOM an ce kada a sayar da ita ƙasa da kashi biyar cikin ɗari na darajar mota, bayan an cire duk wani rangwame. Kashi biyar na miliyan 40 miliyan biyu ne cif. Ka ga ashe a bakin ƙa'ida suka tsaya. Da motar fetur ta miliyan 40 ka kai musu, daga nan za su fara lissafi. 'Yan kan da suka ɗora da kuma jan ƙafar kamfani na biyu, su ne abin da ya shafi lantarki, kuma a nan maganar take.

Mai inshora ba ya tambayar nawa mota ke ci a rana. Tambayarsa biyu ce: sau nawa irin wannan mota ke samun matsala, kuma idan ta samu nawa za ta ci? A kan Corolla yana da amsa a aljihu, domin shekara da shekaru yana biyan diyyarta. Ya san idan aka goge mata gaba a shataletalen Dangi da safe, kafin la'asar yaron makanike ya dawo daga Ƙofar Ruwa da bamba da fitila da lagireto a bayan A Daidaita Sahu, mai fenti ya gama nasa cikin kwana biyu. Ya san farashin kowane ɗaya, har ya san inda ake yi masa ƙari a rasit. A kan taka motar ba shi da wannan tarihi. Motocin lantarki sababbi ne a ƙasar nan. Sai a 2021 aka buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana ta gwaji a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma har yanzu ba su yi yawan da kamfani zai tara lissafin haɗurransu ba. Abin da mai inshora bai sani ba kuwa, kuɗi yake sa masa.

Sai batir. Shi ne abu mafi tsada a motar, yana shimfiɗe a ƙarƙashinta daga gaba zuwa baya. Ka dubi tudun rage gudun da mutanen unguwa ke ginawa da kansu, wani kamar an yi shi don tare tirela. Motar fetur idan ta goga ciki a kai, salansa ce za ta lotse, mai walda ya gyara da 'yan dubbai. Motar lantarki idan ta goga, mai duba ɓarna zai tsuguna da tocila ya ga lotsawa kamar tafin hannu a jikin murfin batir. Motar tana tashi, tana tafiya, ba wata fitila da ta kama a gaban direba. Amma ba wanda zai sa hannu ya ce ƙwayoyin da ke ciki lafiya suke sai an sauke batirin an gwada da na'urar kamfani, kuma masu ƙera motoci da yawa ba su yarda a yi masa faci ba, sai dai a canja gaba ɗaya. Wannan sauyi na iya cin kaso mai tsoka na kuɗin motar, a dala ko kuɗin Sin, a jira jirgin ruwa da kwastan wata da watanni. Shi ya sa ƙaramin haɗari ke iya sa kamfani ya ce motar ta tashi daga aiki, gara ya biya ka ya huta. Ba a nan kaɗai ba ne. A Janairun 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz a Amurka ya sanar da sayar da motocin lantarki kusan 20,000 daga cikin nasa, kuma tsadar gyara bayan haɗari na cikin dalilan da ya bayar. Can ke nan da ke da gareji da kayan gyara a ko'ina.

Ga kuma hannun da zai taɓa ta. Mai gyaran wayar mota na gareji ya saba da batir mai ƙarfin bolt 12, wannan kuwa ɗaruruwa ne, kuskure ɗaya rai ne. Idan a Kano ba a samu wanda kamfani ya amince da shi ba, sai a ɗora motar a kan babbar mota zuwa Abuja ko Legas, kuma wani ne zai biya wannan ɗauka. Ka tabbata an rubuta ko wane ne.

Saboda haka ni shawarata, kada ka ɓata ƙarfinka wajen neman a rage maka dubu ɗari biyu. Ka sa shi wajen karanta abin da aka rubuta a kan batir. Takardar inshorar mota da aka saba bayarwa an tsara ta ne don motar fetur, kuma a cikinta akwai layin da ke cewa ba a biyan lalacewar inji ko ta lantarki da ta faru da kanta, ba a biyan tsufa da gajiyar kaya. A motar fetur wannan layi bai cika damun kowa ba. A taka motar yana iya haɗiye rabin darajarta. A ce kana caji da dare, aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, na'urar cajin da ke cikin motar ta ƙone. Haɗari ne ko lalacewar lantarki? Idan ba a rubuta ba, ranar biya kowa zai fassara yadda ta fi masa. Ka sa su rubuta maka a fili cewa batir yana cikin abin da aka ɗauka idan haɗari ko gobara ko ruwa ko hawan wuta ya taɓa shi, su kuma faɗi ko za su cire wani kaso saboda tsufansa idan za a sa sabo. Cajar da za ka kafa a bango da wayarta su ma a ambace su da sunansu da kuɗinsu.

Raguwar ƙarfin batir saboda shekaru da zafin Kano na watan Afrilu kuwa ba aikin inshora ba ne, aikin garanti ne. Yawancin masu ƙera motocin suna bayar da shekara takwas ko kilomita kusan 160,000 a kan batir. Amma garanti yana bin hanyar da mota ta shigo. Idan daga hannun wakilin kamfani a Najeriya ka saya, kana da ƙofar da za ka buga. Idan wani ne ya auno ta daga Guanzu ya haɗo ta da kwantenar yadi, ka tambayi kanka wa za ka kai wa takardar. Masu inshora ma wannan tambayar suke yi, kuma ina kyautata zaton ita ce shawarar da kamfani na biyu ya ce zai yi.

Abu biyu da ɗan Kwari bai kamata a tuna masa ba: ruwa da tarzoma. Ka ga abin da ambaliyar daminar 2022 ta yi wa shaguna a kasuwarku, ka kuma ga yadda aka farfasa dukiya a zanga-zangar farkon Agustan 2024. A takardu da yawa waɗannan biyun ba sa cikin cikakkiyar inshora sai an ƙara su da ɗan kuɗi. Ka ƙara. Sannan idan wuta ta tashi daga wurin caji ta ci garejin gidanka, inshorar mota ba ta gina gareji, wannan sai inshorar gobara ta gida.

Akwai dabarar da 'yan kasuwa ke yi, na san za a kawo maka ita: ka ce motar miliyan 20 ce, ka biya miliyan ɗaya. Kada ka soma. Idan aka yi ɓarnar miliyan shida, mai duba ɓarna zai kimanta motar a kan ainihin darajarta, ya ce rabi ka yi wa inshora, don haka rabi za a biya, wato miliyan uku. Daga ciki kuma a cire kason da aka rubuta cewa kai za ka ɗauka a kowace ɓarna. Ko da gaskiya ka faɗa, ka riƙa sabunta darajar duk shekara. Wanda ya yi inshora a farkon 2023 dala tana ƙasa da naira 500 a farashin hukuma, ya zo neman diyya a 2024 ta haura 1,500, ya san abin da nake nufi. Haka nan kada ka ce motar hawa ce alhali yaranka na loda mata dilolin shadda zuwa tasha, ko kana ba da ita haya. Ranar haɗari wannan kaɗai ya isa a hana ka ko sisi.

Inda ake samun sauƙi na halal shi ne ka rage musu fargaba. Ka sa na'urar bin sawu. Ka nuna motar na kwana a gida mai ƙofa da maigadi. Ka taƙaita masu tuƙi zuwa kai da direba ɗaya mai lasisi, domin motar lantarki tana fizga da zarar an taka, kuma ba ta yin ƙara, yaro ɗan shekara 20 da ita a titin Zoo Road abin tsoro ne ga mai inshora. Ka kawo shaidar cewa ƙwararre ne ya haɗa wayar cajin, da na'urar kare hawan wuta. Idan kana da ƙarfin ɗaukar ƙananan gyare-gyare da kanka, ka yarda a ɗaga kason da kake ɗauka. Duk wannan zai sauko da kai kusa da kashi biyar ne, ba ƙasa da shi ba. Wanda ya ce zai yi maka a kashi biyu, ka tambaye shi me ya cire, araha ba ta ado. Ka bi ta hannun dillalin inshora mai rajista ya karɓo maka farashi daga kamfani uku a rubuce. Ladansa daga kamfani yake fita, kuma ranar neman diyya shi zai yi maka zirga-zirga.

Idan zuciyarka ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful, duk da lasisin NAICOM. A can gudummawa kuke tarawa a asusu ɗaya don taimakon juna, idan an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Sai dai su ma da idon lissafi za su kalli batirin, don haka tambayoyin nan duka ka yi musu.

Yanzu mu koma kan dalilinka na farko, wato kuɗin mai. Mu ƙaddara kana yin kilomita 60 a rana, kwana 300 a shekara, kilomita 18,000 ke nan. A ce motar fetur na shan lita 10 a kilomita 100, lita a naira 900, dubu tara ke nan. Ta lantarki a ce tana cin yunit 17 na wuta a kilomita 100, idan kana layin Band A na KEDCO a kan naira 210, kusan 3,600. Ragin ya kai kusan miliyan ɗaya a shekara, ban da juyen baƙin mai da ka huta da shi. To amma idan motar fetur da za ka saya a madadinta ta miliyan 25 ce, cikakkiyar inshorarta miliyan ɗaya da dubu 250, bambancinsu dubu 750. Ka ga inshora kaɗai ta cinye kashi uku cikin huɗu na ribar. Idan kana da sola mai ƙarfi a gida ko kana tafiya fiye da haka, lissafin zai koma wajenka sosai. Idan da janareto za ka riƙa caji, ka bar maganar. Sa naka alƙaluman a wurin nawa ka gani.

Za ka iya cewa to bari in tsaya a dubu 15 ɗin, doka ba ta hana ba. A tsohuwar motar da za ka iya maye gurbinta daga cinikin wata guda, ni ma zan ce maka haka. A motar miliyan 40 da tudun unguwa ɗaya zai iya kwantar da ita wata huɗu, ban ba ka wannan shawara ba, sai idan asarar kuɗin ba za ta taɓa jarinka ba.

Kada ka biya kuɗin motar sai takardar farashin inshora mai ɗauke da maganar batir ta zo hannunka. Ka karɓi lambar jikin motar da shekararta da takardar garanti daga mai sayarwa ka ba dillali. Idan kamfani uku suka ƙi ɗaukarta, ka nemi wata ƙirar da ke da wakili da gareji a ƙasar nan. Ranar da ka biya kuma, ka biya ta asusun kamfanin, ba hannun wani a bakin ofishin lasisi ba, domin a doka inshora ba ta fara aiki sai kuɗin ya shiga. Bayan kwana ɗaya ko biyu ka danna *565*11# a wayarka, ka sa lambar motar, ka tabbata sunanta ya fito a rumbun bayanan masu inshora.