Kafin ki miƙa masa takardar ajiye aiki

Ƙanwata, na karanta tambayarki. Kin ce patiron yana yi miki tsawa a gaban mutane, abokan aiki na kai masa gulmarki, kina so ki ajiye aikin gobe-goben nan. Ni shekara 6 na yi a irin wannan wuri, wani kamfanin kayan gini a nan Yamai, ina riƙe da magaza.

Namu patiron, daga yadda ya buga ƙofar mota da safe muke sanin irin ranar da za mu yi. Wata rana ya kira ni a waya, ya ce in loda wa wani abokinsa buhun siminti 40, takarda za ta biyo baya. Ba ta biyo ba. Ƙarshen wata da lissafi ya ƙi cika, ya tara ma'aikata a tsakar gida, ya ce akwai ɓera a magaza, yana kallona. Direban da ya kai simintin da hannunsa yana tsaye kusa da ni, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na daɗe ina jin haushin bawan Allah nan. Sai daga baya na gane ba mugunta ba ce, gidan haya yake a Bukoki da iyali, kuma ya ga yadda aka yi da wanda ya taɓa buɗe baki. Don haka kada ki ɗora rai a kan wani zai tsaya miki shaida.

Daga ranar na sayi kaye, wato littafin rubutu. Duk umarnin da aka ba ni da baki, sai in rubuta rana da lokaci, in kuma tura masa saƙo a WhatsApp cikin ladabi: "Patiron, kamar yadda ka ce, na fitar da kaya kaza." Ya ji haushi, amma bai sake kirana ɓera ba.

Abin da nake roƙonki, kada ki fita cikin fushi. In kika daina zuwa haka kawai, za su rubuta cewa ke kika gudu kika bar aiki. In kuma kika rubuta takardar ajiyewa da hannunki, kin yafe kuɗin sallamar da ake ba wanda aka kora ke nan, kuma wasu masu gida abin da suke jira ke nan, shi ya sa suke matsa wa mutum har ya gaji. In sun ba ki takardar neman bayani, ki amsa a rubuce, gajere, ba zagi, ki riƙe kwafi. Takardun albashinki ma ki tattara su a gida, ba a buro ba.

Sannan ki je CNSS, wato asusun fansho da tallafin ma'aikata, da kanki ki duba ko ana zuba miki kuɗi. Ni sai da na je na tarar ana cire mini duk wata, amma shekara 2 ba a kai ko dala ba. Wannan ya fi tsawar ciwo. Dokar aiki ta 2012 ta ce awa 40 ne a mako, abin da ya haura kuɗinsa daban, kuma tun 2024 mafi ƙarancin albashi jika 42 ne. Ofishin inspekta na ƙwadago yana kiran ku biyu a nemi sulhu, in ya gagara sai kotun ƙwadago. Ni a wurin sulhun aka tsaya, kayen nan nawa ne ya yi mini magana.

Na bar wurin, amma sai da na sami wani aikin a hannu, na karɓi takardar shaidar aiki. Ba ki faɗa mana ba ko kina da kontira a rubuce, da kuma shekara nawa kika yi a wurin. Ki duba ki gaya mana tukuna.