Ɗoɗɗoyar Farisa mai shunayya: me ya sa ganyen tawa ke komawa kore?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata ƙawata ta ba ni irin ɗoɗɗoyar Farisa, wato ta ƙasar Iran, mai ganye shunayya. Na shuka a tukunya na ajiye a bakin taga. Ta tsiro da kyau, amma yanzu ta yi zaƙo-zaƙo ta sirance, ganyen yana komawa kore, har ta fara fure. Ina matsalar take, kuma yaya ake cinta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Da kika ce bakin taga, nan gizo ke saƙar. Launin nan da ya burge ki daga wani sinadari ne da ake kira antosayanin, shi ne dai yake rina jan kabeji da baƙin inabi, kuma shukar ba ta samar da shi sosai sai tana shan rana. Idan haske ya yi kaɗan, sai ta miƙe tana bin sa, kara ya sirance, ganye ya koɗe. Ki fitar da tukunyar inda za ta samu rana ta awa 6 zuwa 8, amma da kaɗan-kaɗan cikin mako guda, don ganyen da ya saba da inuwa yana ƙonewa. Inda zafin la'asar ke da tsanani, 'yar inuwa a lokacin ba laifi. Ki kuma rage taki in kina yawan sawa. Yana kawo manyan ganye masu ƙarancin ƙanshi.

Sai dai ba kowane koren ganye ne laifin inuwa ba. Wannan launi ba ya bin iri ɗari bisa ɗari, don haka a shuka ɗaya za ki ga wasu sun fito kore ko dabbare-dabbare tun suna ƙanana. Waɗannan ba rana za ta gyara su ba. A ci su, daɗinsu bai ragu ba, amma kada a bar su su yi iri.

Maganar fure kuwa, a nan mutane suka fi tausayin da ba shi da amfani. Da zarar ɗoɗɗoya ta yi fure, ƙarfinta ya koma ga yin 'ya'ya, sabon ganye ya ragu, wanda ya rage kuma ya yi ɗaci. Ki duba ƙasan furen, wurin da ganye biyu ke fuskantar juna. A hammatar kowanne akwai ɗan toho kamar ƙwayar shinkafa. Ki tsinke karan daidai saman wurin da farce ko almakashi, tohon nan biyu su za su zama rassa. Tun tana kamar santimita 15 ya kamata a fara haka, a riƙa maimaitawa duk mako biyu ko uku, ba tare da an cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda ba. Kan da kika tsinke ma kada ki yar: ki zage ganyen ƙasa, ki tsoma shi a kofin ruwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fitar da farin saiwa. Wannan ce hanya mafi tabbas ta riƙe launin uwar.

Ruwa a gindi ake zubawa da safe, idan saman ƙasar ya bushe, kuma tukunyar ta kasance da huji. Sanyi ne abokin gabarta: ƙasa da digiri 10 na ma'aunin Celsius ganyen ke fara baƙi. Shi ya sa firji ba wurinta ba ne. In kin tsinko da yawa, ki tsayar da karan cikin ruwa a kicin.

Game da ci, ni ina bayan mutanen Iran: ɗanye ya fi. A can ana ajiye farantin ɗanyun ganyaye da suke kira sabzi khordan, ɗoɗɗoya da na'a-na'a da ganyen albasa da radish (wata 'yar saiwa mai ɗan yaji), a ci da gurasa da farin cuku da goron walnat, ko a gefen kebab. Ƙanshinta ya fi na koriyar kaifi, yana kusa da na kanumfari. Wuta tana kashe ƙanshin, ta mayar da launin duhu mara kyan gani, don haka in za ki sa a abinci mai zafi, sai bayan an sauke, kuma a yayyaga da hannu. Ki gwada jiƙa ganyen a farin binega na mako biyu, zai rine ja mai haske, ya yi daɗi a salak.

Idan kina son iri na baɗi, ki bar wadda ta fi duhu ta yi fure, nesa da koriyar ɗoɗɗoya domin ƙudan zuma suna haɗa su. Idan kan furen ya bushe ya yi ruwan ƙasa, sai ki murje shi a kan takarda, ki adana baƙaƙen 'ya'yan a busasshen wuri. Lokacin shuka kada ki binne su da zurfi; da ɗumi da danshi, cikin kwana 5 zuwa 10 za su tsiro.